Na Gaji Kujerar Mahaifina a Shago, Me Zan Karanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 29, kuma na karanta ilimin tattalin arziki a jami'a. Mahaifina yana da shagon kayan gini a nan Sakkwato, inda ake sayar da siminti da rodi da kwanon rufi, sannan yakan sayi albasa ya ajiye lokacin da take araha. Bara jikinsa ya yi rauni, sai ya damƙa mini komai. Mutum 11 ne a ƙarƙashina, wasu sun san ni tun ina goye, ɗaya kuma ƙanen mahaifina ne. Wayata ba ta daina ƙara, ba ni da hutu, kuma duk da ana ciniki ban san inda kuɗi suke shiga ba. Waɗanne littattafan shugabanci zan karanta? Ko kuwa in koma makaranta in yi digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya taya ka riƙo. Na yi shekaru a sashen ba da rance na wani banki, inda aikina shi ne in zauna da ɗan kasuwa in duba ko harkarsa za ta iya ɗaukar bashi, daga baya na koma ba masu matsakaitan sana'o'i shawara, saboda haka irin wannan wasiƙa taka na sha jin ta da baki kafin in gan ta a rubuce. Zan ambata maka littattafai, amma kaɗan ne, kuma sai bayan na faɗa maka abin da nake ganin yana damunka, domin wanda bai san ciwonsa ba duk maganin da aka miƙo masa haɗiyewa zai yi.

Abin da ya faru shi ne, shekara da shekaru wannan kasuwanci yana zaune ne a cikin kan mutum ɗaya. Mahaifinka ya san maginin da ke biya duk ranar Juma'a ba tare da an tuna masa ba, ya san ɗan kwangilar da ba ya biya sai gwamnati ta biya shi, ya san direban da lodinsa ke zuwa da giɓi, kuma ya san ranar da ya kamata a daina sayen albasa ko da kuwa tana ƙara araha. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta, domin bai taɓa buƙatar rubutawa ba. Kai ka gaji makulli da kujera da lambar waya, amma wancan sanin yana can tare da shi a gida. Mutanensa sun saba duk abin da ya taso su tambayi Alhaji, yanzu kuma kai suke tambaya, shi ya sa waya ba ta yin shiru. Kuma da yake ba ka da ma'aunin da shi yake aunawa a zuci, shi ya sa kuɗi ke wucewa ta gabanka ba ka gane su. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya, kuma duk karatun da za ka yi a wannan shekara ya kamata ya zama mai taimaka maka ka fitar da harkar daga kan mutum ɗaya ka mayar da ita kan takarda da hannun mutane da yawa.

Saboda haka abin da za ka fara karantawa shi ne basussukan shagonka. Na taɓa zama da wani dattijo mai irin sana'arku wanda ya zo neman rance, na ce ya nuna mini abin da yake bin mutane. Sai ya sa yaro ya ɗauko wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin benci, ya zazzage ta a kan tabarma: guntayen takardar buhun siminti da aka rubuta lambobi a bayansu, rasiɗai da ruwa ya taɓa, da wani ƙaramin littafi mai rubutun ajami wanda shi kaɗai ke iya karanta shi. Mun yi daga bayan Azahar har aka kira Magariba muna haɗawa, kuma da muka gama sai ya yi shiru, domin abin da ke hannun mutane ya fi abin da ya zo nema a banki yawa, wasu daga cikin masu bashin ma sun riga mu gidan gaskiya. Mutumin nan ba sakarai ba ne, ya fi ni sanin kasuwa nesa ba kusa ba, sai dai bai taɓa ganin jimillar a wuri guda ba. Ka ware mako guda ka yi irin wannan aiki, ka zauna kusa da Baba a lokacin da yake jin ƙarfin jikinsa, ka rubuta sunan kowa da abin da ake bin sa da ranar da ya karɓa, ka kuma tambaye shi halin kowane ɗaya ka rubuta a gefe. Idan wani ya ce rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Gobarar da ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ta kuma isa ta koya mana cewa littafin da ke kwana a shago kaɗai bai tsira ba, don haka ka riƙa ɗaukar hoton shafukan da waya kana adanawa.

Dalilin da ya sa na fara da bashi lissafi ne mai sauƙi. A misali, a ce kana sayen buhun siminti naira 9,000 kana sayarwa 9,300, ribarka 300 ke nan kafin a cire kuɗin 'yan dako da haya. Idan mutum ɗaya ya ɗauki buhu 100 ya ƙi biya, naira 900,000 ta tafi, kuma sai ka sayar da buhu 3,000 kafin ka dawo inda kake. Kayan da ribarsu ke da sirara haka ba sa jure bashin kunya. Akwai kuma wata ɓaraka da ta fi wannan ɓoyuwa. Tun daga tsakiyar 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, 'yan kasuwa da yawa sun riƙa ganin kuɗinsu na ƙaruwa alhali kayansu na raguwa, domin suna sa farashi bisa yadda suka saya, ba bisa yadda za su sake saye ba. Ka riƙa auna jarinka da buhu da tan da bandir, ka tambayi kanka ko abin da ke hannunka yau zai iya cika sito kamar yadda ya cika bara. Idan ba zai iya ba, to uwar kuɗi ake ci, ko da littafi ya nuna riba.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun shimfiɗa maka tsarin ƙidayar shekara. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da kayansa ke shiga suna fita kullum, wanda ake kira mudiri, yakan ƙiyasta kayan shagonsa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da tsabar kuɗinsa da basussukan da yake sa ran za a biya, ya fitar da ɗaya bisa arba'in a matsayin zakka. Shi kuwa mai ajiye kaya yana jiran kasuwa hukuncinsa daban ne. Yadda hukuncin zai kasance ga wanda ya haɗa biyun, wannan ka kai wa malami, amma darasin da ke ciki na gudanarwa a fili yake: shagon kayan gini da ajiyar albasa sana'o'i biyu ne masu hali daban. Albasar da aka saya daga wajejen Goronyo ko Wurno aka zuba a rudu tana raguwa da nauyi, wata tana ruɓewa, kuma ba a sanin an ci riba ko an faɗi sai an sayar da buhun ƙarshe. Idan kuɗinta da na siminti suna aljihu ɗaya, ɗaya za ta riƙa rufa wa ɗaya asiri har shekaru ba ka san wadda ke ciyar da gidan ba. Kowace a ba ta littafinta.

Haka kuma a raba aljihun gida da na shago, wanda shi ne abu mafi wuya a al'adarmu. Ba ina cewa ka hana cefane ko ka rufe ƙofa ga 'yan'uwa masu neman taimako ba, domin wanda ya yi haka a garin nan ya sayar da mutuncin mahaifinsa da araha. Abin da nake nufi shi ne a yanka wa kowane abu adadinsa a wata: na gida, na maganin Baba, na taimako da biki da rasuwa, har da albashinka kai kanka, kuma duk abin da ya fita a rubuta. Tun da Allah ya sa Baba yana raye, ka roƙe shi ya tara ku da 'yan'uwanka, maza da mata, ya bayyana matsayinka da bakinsa, ko ma'aikaci ne kai mai albashi, ko mai juya dukiya a raba riba bisa ƙa'idar ƙiradi. Na ga shaguna da dama da suka mutu a wurin rabon gado, ba don an rasa ciniki ba, sai don wanda ya yi shekara goma yana wahala ya ɗauka nasa ne, sauran kuma suka ɗauka ya cinye musu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba ko da mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista a Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, kuma rajista tana sa dukiyar shago ta zama mai suna da asusun kanta, amma kada ka je wurin rajista kafin a gama wancan zama na cikin gida.

Yanzu sai littattafai. Na farko shi ne The Effective Executive na Peter Drucker, wanda ya fito a 1967. Ƙarami ne, misalansa na Amurka ne kuma sun tsufa, amma abin da ya sa nake ba da shi shi ne ya fara da lokaci. Shawararsa ita ce shugaba ya rubuta yadda lokacinsa ke tafiya a zahiri, domin abin da mutum ke zato game da yininsa da abin da ke faruwa sukan yi hannun riga. Ka gwada na mako biyu: duk kiran da ya shigo ka rubuta wanda ya kira da abin da ya tambaya. Ina kyautata zaton za ka tarar mafi yawansu tambayoyi uku ko huɗu ne ke maimaita kansu, wato nawa za a rage wa wane, ko a ba wane bashi, ko a saki mota, ko a biya 'yan dako. Duk tambayar da ta maimaitu sau da yawa ta cancanci ƙa'ida tsayayya, ta yadda za a daina yanke mata hukunci sabo kullum.

Na biyu shi ne High Output Management na Andrew Grove, wanda ya shugabanci kamfanin Intel, an buga shi a 1983. Abu biyu nake so ka ɗauka daga ciki. Ɗaya, cewa ana auna shugaba ne da abin da mutanen da ke ƙarƙashinsa suka samar, saboda haka gajiyar da kake kwana da ita ba hujja ba ce cewa ka yi aikinka. Biyu, cewa yawan sa ido da za ka yi wa mutum ya danganta da gwanintarsa a kan wannan aikin na musamman, ba shekarunsa ko darajarsa ba. Dattijon da ya yi shekara 30 yana karɓar lodi ba ya buƙatar ka tsaya a kansa a bakin sito, amma idan ka ba shi na'urar POS yau ya zama sabon shiga, sai ka zauna da shi cikin ladabi har ya iya. Yaron da ya ƙware da waya kuma akasin haka ne.

A nan ne maganar baffanka da sauran dattawa ta shigo, kuma babu littafin Turawa da zai warware maka ita. Na taɓa ganin wani matashi, kwanansa kaɗan da karɓar shago, ya shigo da sabon fom ya ce kowa ya riƙa cikewa yana sa hannu. Wani tsoho ya kalli takardar, ya kalle shi, ya ce: "Mu da munka yi shekara talatin cikin wagga sana'a, yau ɗan da munka yi wa suna shi ka tuhumar mu?" Tun daga ranar ba a sake yi masa gardama ba, ba a kuma sake faɗa masa gaskiya ba, wanda ya fi gardamar muni. Kuskurensa shi ne ya fara da na ƙasa, kuma a bainar jama'a. Kai ka fara da kanka: ranar da ka ɗauki naira 5,000 a aljihun tebur, ka kira mai riƙe da littafi ka ce ya rubuta a gaban kowa. Shi kuwa baffa, ka same shi a gida bayan Isha'i, ka gaishe shi yadda ɗa ke gaida uba, ka ce nauyin ya fi ƙarfinka kana neman ya ɗauke maka wani sashe. Ka ba shi yanki guda cikakke wanda ya fi ka sani, kamar sayen albasa da kula da ajiyarta, da jari sananne da ranar da za ku zauna ku yi lissafi. Girmansa ya tsira, kai kuma ka samu iyaka. Mai kula da shago shi ma a yanka masa iyakarsa, a ce ragi har zuwa kaza nasa ne, bashi har zuwa kaza ga mutanen da ke cikin littafi nasa ne, abin da ya haura haka ne kawai zai kira ka. Zai yi kuskure a watannin farko, kuma idan ka ƙwace ikon saboda kuskuren farko, wayarka za ta koma yadda take.

Ina mamakin yadda 'ya'yan Sakkwato ke tsallake abin da aka rubuta a gidansu su tafi neman hikimar shugabanci a wani wuri. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano bisa roƙon mutanen garin, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta Usulus Siyasa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, kuma tun kafin su, a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiharsa da aka sani da Tajuddin. A cikin wannan ta ƙarshe akwai maganar naɗa amintattu masu karɓa da kashewa tare da marubuta da masu lissafi, akwai kuma gargaɗin da ya yi ta maimaitawa cewa tushen bala'i shi ne shugaba ya shige bayan labule ya bar jama'arsa. Ga mai shago, wannan na nufin mai karɓar kuɗi ya zama daban da mai rubutawa, kuma kada sabon ofis mai sanyi ya raba ka da bakin sito. Sai dai ka karanta su da sanin cewa don masu mulkin ƙasa aka rubuta su. Ma'aikatanka ba talakawanka ba ne, suna iya ajiye aiki gobe su buɗe nasu shagon a layinka. Akwai fassarorin wasunsu, kuma zai fi kyau ka karanta su a gaban malami.

Nau'in da nake so ka yi hattara da shi shi ne littattafan da ke tattaro kamfanonin da suka yi nasara su ce ga sirrinsu. Wanda ya fi shahara a cikinsu, Good to Great na Jim Collins, ya fito a 2001 yana yabon kamfanoni 11. Kafin shekara goma ta cika, ɗaya daga cikinsu, Circuit City, ya durƙushe ya rufe shagunansa a 2009, wani kuma, Fannie Mae, sai da gwamnatin Amurka ta karɓe ragamarsa a 2008. Wannan bai sa duk abin da ke cikin littafin ya zama banza ba, amma ya nuna raunin hanyar: idan an ga mutum ya yi arziki, duk halinsa sai a kira shi hikima, ba a kuma ƙidaya waɗanda suka yi irin halin suka karye. Haka nake kallon yadda ake ba da labarin Alhasan Ɗantata ko Aliko Ɗangote a majalisa. Labaransu na ƙarfafa gwiwa, ka saurara, amma ba za su faɗa maka ko ka ba ɗan kwangilar nan rodi bashi ranar Talata ba.

Game da digiri na biyu, ra'ayina shi ne ka jinkirta shi shekara biyu ko uku. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan ba inda za ta, kuma karatun zai fi yi maka amfani idan ka shiga aji da tambayoyin da shago ya haifar maka da alƙaluman da ka tara da hannunka. Idan ka tafi yanzu, za ka bar harkar da ba ta da littafi a hannun mutanen da ba a yanka wa iyaka ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne ka nemi akanta mai gaskiya ka biya shi ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata, ka zauna kusa da shi ka ga yadda yake haɗa lissafin shiga da fita har ka iya da kanka, domin ilimin tattalin arziki da ka karanta da riƙe littafin shago ba abu ɗaya ba ne.

Wajen karatun kuwa, babi ɗaya a mako ya isa, bayan Asuba kafin a buɗe kasuwa, kuma kada ka wuce zuwa babi na gaba sai ka gwada abu ɗaya daga wanda ka gama. Ka nemi abokai biyu ko uku masu irin halinka, waɗanda ba kayanku ɗaya ba don kada kishi ya shiga, ku riƙa haɗuwa kuna faɗa wa juna abin da kuka gwada da yadda ya kaya. Ranar Juma'a da yamma kuma ka ɗauki littafin bashi ka kai wa Baba, ka karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka bar shi ya yi magana. Idan ya ce wane a bi shi a hankali, wane kuma kada a ƙara masa ko ƙusa, ka tambaye shi dalili, ka rubuta dalilin a gefen sunan.